Kafin Ƙauyukanmu Su Zama Kufai

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata dariya ce da ta ɓarke a ajin da nake koyar da nazarin sautukan harshe a jami'ar da nake aiki. Wani ɗalibi ne ya makara, na ba shi izinin shiga, da ya duba bai ga kujera ba sai ya ce, "Malam, ina za ni zamna?" Kafin ya rufe baki aji ya kwashe da dariya, har na ji wata murya daga baya tana cewa, "Kai, baƙauye ya shigo gari!" Yaron nan ya sunkuyar da kai, kuma tun daga ranar har muka ƙare zangon karatu bai sake ɗaga hannu ya yi tambaya ba, alhali yana cikin masu hazaƙar ajin.

Wannan dariya ta tsaya mini a rai. Da muka haɗu a mako na gaba sai na ajiye darasin da na shirya, na rubuta kalmomi huɗu a allo: zamna, amre, sabka, abduga. Na ce su ba ni takwarorinsu a Hausar Kano, suka ce zauna, aure, sauka, auduga. Na tambaye su wace ce uwa, wace ce 'ya? Kusan dukkansu suka ce ta Kano ce uwa, waccan kuwa gurɓatacciya ce. Sai na shaida masu cewa tun a shekarar 1928 wani masanin harshe Bajamushe mai suna August Klingenheben ya nuna akasin haka. Baƙaƙen leɓe irin su "m" da "b", idan suka zo a ƙarshen gaɓa, su ne suka rikiɗe suka koma "u" a bakin mutanen gabas, su kuwa mutanen yamma, wato su Sakkwato da Katsina da Gobir, suka riƙe tsohon furucin. Ashe ke nan wanda suka yi wa dariya da bakin kakanninsu ya yi magana. Bugu da ƙari, ba a ƙauye kaɗai ake cewa zamna ba, haka ake faɗa a tsakiyar birnin Sakkwato.

Abin da ya fi damuna shi ne ita kanta kalmar da aka jefe shi da ita. A ƙa'idar Hausa, ɗafa-goshin "ba-" asalin mutum kawai yake nunawa, kamar Bakano da Bazazzagi da Bagobiri. Amma da aka liƙa shi ga ƙauye sai ya tashi daga sunan asali ya koma zagi, har ya haifi "ƙauyanci", wadda muke kiran duk wani rashin kan gado da ita. Kakanninmu ba su yi wa birni wannan alfarma da muke yi masa ba, domin idan suka ce wane ɗan birni ne, gargaɗi suke yi maka ka riƙe aljihunka da kyau. Hasali ma kalmar alƙarya, wadda muke kiran babban gari da ita, daga Larabci muka aro ta, kuma a Larabcin yau ƙauye take nufi. Ya kai mai karatu, wannan ba wasan kalmomi ba ne. Wanda al'umma ta saba raina shi a bakinta, da wuya ta tuna da shi ranar rabon arziki.

Daminar da na yi a gidan Kawu

Kada a ce ina wa'azi daga kan tudu, ni ma ina cikin masu laifin. A birni aka haife ni, mahaifiyata kuwa 'yar wani ƙaramin ƙauye ce a gabashin ƙasar Katsina, wanda a da ba na taka shi sai ta'aziyya ko biki, in je da hantsi in juyo kafin la'asar. A shekarar 2023 ne na sami hutun bincike, na ƙudura niyyar tattara kalmomin noma daga bakin manoma, sai na tare a gidan kawuna tun daga bazara har kaka.

Gidajen ƙauyen ba su kai 70 ba. Akwai masallaci ɗaya da makarantar allo a zauren liman, da rijiyoyi biyu, da famfon tuƙa-tuƙa wanda ya fi daɗewa a lalace a kan yana aiki, da injin niƙa ɗaya, da mai shayi, da wani saurayi mai cajin waya da hasken rana. Firamaren aji uku ce, rufin ɗaya iska ta yaye shi. Daga nan zuwa kwalta tafiyar kusan awa ɗaya ce a babur idan rani ne, idan kuwa marka ta sauka rafi ya kawo, to sai abin da Allah Ya yi. Tun da assalatu za ka ji lugude ya kaure a cikin gidaje, kafin rana ta fito maza sun saɓa fartanya, ba a dawowa sai azahar ta gabato. Da daddare a yi shimfiɗa a ƙofar gida, kowa ya fito da akushinsa na tuwon dawa ko na gero da miyar kuka, a haɗa a ci tare, baƙo ma ya sa hannu ba tare da an tambaye shi daga inda ya fito ba.

A makon farko na gane cewa digirin da nake taƙama da shi bai kai ni ko'ina ba a wannan makaranta. Wata safiya na tarar Kawu yana sara da sungumi, yara na biye suna zuba iri, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Na ce, "Kawu, ba asarar iri za a yi ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan shi ake kira bizne. Jigawa ce, ruwan farko idan ya zo zai tarar da irin yana jiran sa, sai in riga mai jiran ruwa da kwanaki. Amma da a fadama ko a laka ka gan ni ina yi, sai ka ce Kawu ya tsufa." Na ce to idan ruwan ya zo kaɗan ya tsaya fa? Ya ce, "Shi ya sa ban bizne duka ba, kuma shi ya sa na ɓoye rabin irin." A cikin wannan 'yar amsa akwai sanin ƙasa, da sanin sama, da lissafin riba da asara irin wanda ake biyan kuɗi a koya a jami'a.

Kafin kaka na cika littattafai uku. Birni ya san "noma" kawai, amma a can akwai sassabe, da shuka, da firi, wato noman farko, da maimai, da huɗa, kowanne da lokacinsa da irin kayan aikinsa. Birni ya san "hatsi", can kuwa gero daban, maiwa daban, dawa ma akwai kaura akwai farfara, kuma tun tana yabanya manomi zai gaya maka wace ce. Abin da ya tsiro da kansa daga zubin bara gyauro ne, gonar da aka bari ta huta saura ce, wurin da ya ƙeƙashe ba ya shan ruwa fako ne, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye hatsi tun daga saiwa kuwa ƙuduji ce. Mata su ma da nasu: sussuka, shiƙa, surfe, bakace, tankaɗe. Galibin waɗannan kalmomi suna cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi kimanin 39,000. Da na dawo na jarraba ɗalibaina da ashirin daga cikinsu, waɗanda suka tashi a birni da ƙyar suka san biyar. Wanda ya cinye jarrabawar shi ne yaron nan mai cewa zamna.

Na kuma ga irin zaman tare da birni ya manta. Wani magidanci ya kwanta ciwo daidai lokacin maimai, ba wanda ya kira taro ko ya kafa kwamiti, liman ya yi magana bayan sallar asuba, kashegari samari suka yi masa gayya suka nome gonar kafin azahar. Da kaka, tun a gona ake fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, kuma kowa ya san gidan gwauruwa da na marayun da za a kai wa. A unguwar da nake zaune a birni kuwa, sai da maƙwabcina ya kwana uku a asibiti kafin in ji labari.

Ɗaya gefen tsabar

To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai 'yan bokon da idan suka tashi yabon ƙauye sai su mai da shi aljannar duniya, su yi ta zancen iska mai daɗi da fura da nono da hasken farin wata, sannan su shiga motarsu su koma gidan da ke da famfo da lantarki. Wannan ma wani nau'in raini ne, domin yabon da ba ya ganin wahalar mutum bai ɗauke shi mutum ba. Zaman ƙauye akwai wuya, kuma mafi yawan wuyar a kan mata da yara take sauka. A ƙarshen rani, lokacin da rijiya ta ja baya, 'yan matan gidan Kawu kan fita tun duhun asuba su bi layi, guga ya dawo da rabin laka. Yarinyar da ta yi sawu uku a rijiya, ta taya surfe, ta ɗauki tallan ƙuli-ƙuli, da wane ƙarfi za ta zauna a aji?

Daren da ba zan manta ba shi ne na tsakiyar watan Agusta. Matar ɗan Kawu ta kama naƙuda tun magariba, ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta, wajen ƙarfe ɗayan dare ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta. Rafi ya kawo, babur ba ya ƙetarawa. Aka ɗaura wa shanu amalanke, aka shimfiɗa katifa, muka bi ta zagaye da fitilar waya a hannu. Da muka isa ɗakin shan maganin da ya fi kusa muka tarar da kwaɗo a ƙofa, sai da muka ƙara gaba zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, muka isa gari na wayewa. Allah Ya tsallakar da uwar, jaririn kuwa bai zo da rai ba. Da na yi wa Kawu gaisuwa sai ya ce, "Malam, kwana ne ya ƙare." Na yi imani da ƙaddara kamar yadda ya yi, amma na san da akwai 'yar gada a kan rafin nan da ma'aikaciyar jinya ɗaya mai kwana a bakin aiki, da tafiyar da ta ci mana dare ba ta wuce ta rabin awa ba.

Sai kuma talauci, wanda ke da nasa zagayen. Ƙaramin manomi kan sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, saboda bashi da biki da suturar iyali, sannan ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina. Idan rumbu ya ƙare sai ya bar gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, ko ya ci bashin hatsi da zai biya da ƙari idan an girbe. Wannan ba sabon abu ba ne. Wata Baturiya masaniyar tattalin arzikin karkara, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafi a kan rayuwar garin a 1972, inda ta nuna cewa a cikin ƙauye ɗaya akwai tazara mai faɗi tsakanin manoma, har akwai waɗanda talauci ke hana su noma gonar kansu. Bayan fiye da shekara 50, abin da ta bayyana shi na gani da idona.

Alƙaluma ma sun tabbatar. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, 'yan Nijeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, wato wanda ya haɗa rashin lafiya da ilimi da ruwa da muhalli da aikin yi. A birane kashi 42 cikin 100 ne abin ya shafa, a karkara kuwa kashi 72. Ina ƙauyen aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Mutanen da ba su taɓa mallakar mota ba su suka fara ji a jikinsu: kuɗin niƙa ya tashi, kuɗin babur zuwa kasuwa ya tashi, mata da yawa suka koma ga turmi da dutsen niƙa.

Alƙawuran da suka tsufa

Ba za a ce gwamnatoci ba su taɓa ambaton karkara ba, ai sunanta ya sha kira. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya zo da nasa na juyin juya halin noma. A 1986 Janar Babangida ya kafa hukumar abinci da hanyoyi da raya karkara, wadda aka fi sani da DFRRI, a shekara mai bi kuma uwargidansa Maryam ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara. Kowanne ya zo da kiɗa da allon sanarwa, wasu sun bar 'yan hanyoyin burji da rijiyoyin burtsatse, amma da gwamnatin da ta kawo shi ta kau sai shirin ya bi ta. Illar da ta haɗa su ita ce daga sama ake tsara su, a ofisoshin mutanen da suka ɗauka cewa aikinsu shi ne su wayar da kan baƙauye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a cika tambayar mai ɗakin ba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 an yi shi ne domin a kawo mulki kusa da talaka, kuma a yau muna da su 774. Sai dai shekara da shekaru kuɗinsu na bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, shugabanninsu da yawa kuma a babban birnin jiha suke kwana, ba a ganin su sai ƙarshen wata. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa masu shugabannin riƙo. Hukunci ne mai kyau, amma mutumin ƙauye ba zai san an yi shi ba sai ranar da ya ga an gyara famfo, an buɗe ɗakin shan magani, malamin firamare ya zo aiki ranar Litinin.

Inuwar kufai

Duk waɗannan wahalhalu mutanen karkara sun daɗe suna jure masu. Sun ga farin 1973 da na 1984, wasu suka tafi, da ruwa ya dawo suka dawo. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne bala'in 'yan bindiga, wanda ya faro daga dazuzzukan Zamfara ya watsu zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja da Kebbi. Duniya ta ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, saboda yawansu. Ƙauyen da aka kashe mutum biyar aka kore shanu aka ƙone rumbuna kuwa, sau da yawa ko a rediyo ba a ambaton sunansa. An kai ga manoma na biyan haraji ga ɓarayi kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. A 2019 dubun-dubatan mutane suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar neman mafaka. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, aka dakatar da kasuwannin mako a Zamfara, matakin da aka ɗauka domin a matsa wa ɓarayi amma talakan ƙauye ya ɗanɗana kuɗarsa.

A lokacin zamana, Allah Ya tsare ƙauyen su Kawu daga hari, amma bai kuɓuta daga ganin sakamakon ba. A bayan gari akwai bukkoki na wasu iyalai da suka gudo daga yamma, aka ba su aron gona. Cikinsu akwai wani dattijo da na riƙa zuwa wurinsa ɗaukar kalmomi, domin Hausarsa irin tsohuwar nan ce. Wata rana na tambaye shi sunan wata ciyawa, ya faɗa mini, sannan ya yi shiru ya ce, "Ɗana, rubuta da kyau. Garinmu yanzu kufai ne, jikokina kuma suna birni suna tura baro. Wannan sunan ba mai sake tambaya ta shi." Kufai a Hausa shi ne wurin da gari ya taɓa zama aka watse aka bar shi, sai kukoki da tsofaffin rijiyoyi ke shaidar an yi mutane. A da kalma ce ta labarin yaƙe-yaƙen zamanin da, yau ta dawo bakin masu rai.

Akwai kuma wata watsewar da ba ta da ƙarar bindiga. A da saurayi kan tafi cin rani bayan girbi, ya dawo da ruwan farko da 'yan kuɗin taki da na sutura. Yanzu da yawa idan sun tafi Kano ko Abuja ko Legas sai dai a ji su a waya. Gandu, wato tsarin da uba da 'ya'yansa ma'aurata ke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, kowane ɗa kuma da 'yar gayaunarsa, ya kusa zama labari, gonaki kuma sai ƙara tsagewa suke yi da rabon gado. Cikin 'ya'yan Kawu maza biyar, ɗaya ne ya rage a gida. Ban ga laifinsu ba. Yaron da tun yana firamare yake jin ana zagi da sunan garinsu, ya kuma ga matar wansa a kan amalanke cikin dare, me za ka gaya masa ya zauna? Lokacin samun 'yancin kai ko kashi ɗaya cikin biyar na 'yan Nijeriya ba ya zaune a birane, yau kuwa fiye da rabi ne. Abin tambaya a nan shi ne, idan masu noma suka ƙare a tashar mota, wa zai ciyar da biranen? Tsadar masara da gero da muke kuka da ita a kasuwannin birni, a gonakin da aka gudu aka bari take farawa.

Abin da ya rage gare mu

Wanda ke shakkar abin da mutanen ƙauye za su iya idan aka saurare su, ya leƙa maƙwabtanmu. A jihar Maraɗi, tun daga wajajen 1983, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya haɗa kai da manoma a kan wata dabara mai sauƙi: maimakon a sassabe duk tohon da ke fitowa daga kututturan itatuwa, a zaɓi masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma a cikin gona. Manoman suka sa mata suna sassaben zamani, suka yaɗa ta daga ƙauye zuwa ƙauye har ƙasar Damagaram, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5. Babban jarin wannan aiki shi ne sanin da manomi ya gada, irin sanin da ke gaya masa cewa gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana, kuma ƙarƙashinsa ya fi ko'ina albarka.

Saboda haka kirana ga hukumomi ba mai tsawo ba ne. Na farko tsaro, domin ba a shuka a gonar da ba a da tabbacin girbe ta. Na biyu hanya da gada, ko da ta burji ce, wadda za ta kai hatsi kasuwa ta kai mai naƙuda asibiti. Na uku ruwa, tare da horar da wani ɗan garin da zai riƙa gyara famfon idan ya lalace. Na huɗu, a ba malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da suka yarda su zauna a ƙauye wani ƙarin alawus da muhalli, domin a daina ɗaukar turawa karkara a matsayin horo. A duk waɗannan kuma a fara da tambayar dagaci da mai unguwa da liman da matan gari abin da ya fi damun su.

Mu kuma 'yan boko da muka fito daga tsatson ƙauye, ko da ta wajen uwa ne kamar ni, akwai bashi a wuyanmu. Ƙungiyoyin ci gaban gari da muke kafawa kada su tsaya ga taron Sallah da rabon kalanda. Mu kai 'ya'yanmu su yi hutu a can, su riƙe fartanya, su san cewa tuwo ba a kanti yake tsirowa ba. Abokan aikina masu nazarin harshe da adabi, mu tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana zuwa wurin tsofaffin manoma da makiyaya da maƙera da ungozomomi, har da waɗanda ke zaman gudun hijira, tun suna raye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Masu shirya finafinai da wasannin barkwanci su ma su duba, sun daɗe suna cin abinci da siffar baƙauye mai hangame baki a gaban bene. Uwa-uba, mu gyara bakinmu a cikin gidajenmu, domin yaro a wurin manya yake koyon abin da ake zagi da shi.

Ranar da zan taho, Kawu ya sa aka ɗaura mini buhun gero da ƙullin kuka da daddawa a bayan babur. Na ce masa, "Kawu, ka dawo birni wurina mana ka huta, ga asibiti kusa." Ya ce, "Malam, na gode, Allah Ya yi albarka. Amma kabarin ubana na nan, na kakana na nan. Idan kowa ya tashi, wa za ka tarar in ka zo da littafinka? Ku dai da kuke kusa da manya ku gaya masu a yi mana gadar nan." Na ɗauki alƙawari zan faɗa, ga shi na faɗa a inda muryata ke iya kaiwa. Shi kuwa ɗalibina, na ba shi aikin tattara kalmomin noman garinsu a matsayin kundin kammala digirinsa, kuma ya fara kawo mini waɗanda ban taɓa ji ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba shugabanninmu ikon tunawa da waɗanda ke ciyar da su. Amin.